Saɓanin rubutun sunan dangi a binciken salsala

Saɓanin rubutun sunan dangi shi ne a tarar da sunan zuri'a guda an rubuta shi ta fuskoki dabam-dabam a tsofaffin takardu, kamar rajistar haihuwa da aure, kundin ƙidayar jama'a, takardun gado da jerin fasinjojin jirgin ruwa. Yana cikin manyan abubuwan da ke ɓatar da masu bin diddigin salsala, musamman yanzu da aka zuba waɗannan takardu a rumbunan intanet irin su FamilySearch da Ancestry, inda harafi ɗaya kan ɓoye mutum.

Tushen matsalar shi ne, a da ba mai suna ke rubuta sunansa ba. Limamin coci ko akawun gwamnati ne ke rubutawa yadda kunnensa ya jiyo, mai sunan kuwa sau da yawa bai iya karatu ba balle ya gyara. Ko masu ilimi ba su damu da tsayar da rubutu ɗaya ba: sa hannun William Shakespeare guda shida da suka tsira ba su zo iri ɗaya ba. Ƙaura ta ƙara dagula lamarin. Bajamushe mai suna Müller kan koma Mueller ko Miller a Amurka, mutanen Ayalan da yawa kuma sun yar da O' ko Mac da ke gaban sunansu. Akwai labarin da ya yaɗu cewa jami'an tsibirin Ellis, mashigar baƙi ta New York daga 1892 zuwa 1954, su ne suka riƙa sauya wa mutane suna. Masana tarihi sun ƙaryata shi, domin tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta jerin fasinjoji, jami'an dubawa kawai suke yi. Galibi baƙin ne da kansu suka sauya daga baya. Sai kuma kuskuren zamani, na mai kwafe tsohon rubutun hannu zuwa kwamfuta ya ɗauki "u" a matsayin "n".

Sananniyar dabarar shawo kan wannan ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1918. Ana riƙe harafin farko na suna, a zubar da wasula da h, w, y, sannan a ba sauran baƙaƙe lamba bisa kamannin furuci: b, f, p, v su ne 1, c, g, j, k, q, s, x, z su ne 2, d da t 3, l 4, m da n 5, r 6. Lamba uku ake ɗauka: baƙaƙe masu lamba iri ɗaya da suka zo a jere, har da harafin farko, ana ƙirga su sau ɗaya, in kuma lambobin ba su kai uku ba a cike da sifili. Ta haka Smith, Smyth da Schmidt duk suna faɗawa S530. Da wannan tsari aka yi wa ƙidayar Amurka ta 1880, 1900 da 1920 fihirisa. Amma da kunnen Ingilishi aka gina shi, shi ya sa a 1985 Gary Mokotoff da Randy Daitch suka fito da wani mai lamba shida don sunayen Yahudawa da na gabashin Turai. Masu bincike kan kuma sa alamar tauraro a gurbin haruffan da suke shakka.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin masu wannan bincike suka fi bi ita ce a kwafe suna daidai yadda yake a kowace takarda, a ajiye jerin dukkan siffofinsa a gefe. Kamannin rubutu ba ya tabbatar da dangantaka, saɓaninsa kuma ba ya kore ta. Sai an haɗa da gari, shekara, sana'a da sunayen mata da 'ya'ya. Wanda ya yi gaggawar "gyara" suna yakan goge alamar da za ta kai na bayansa ga takarda ta gaba.

A ƙasar Hausa abin ya zo da nasa salo. Iyakar mulkin mallaka ta raba rubutun boko biyu: Usman, Yusufu da Abubakar na Najeriya su ne Ousmane, Issoufou da Aboubacar ko Boubacar a Nijar, bisa ƙa'idar Faransanci. Soundex na haɗa Muhammad, Mohammed da Mahamadou a M530, amma yana raba Usman (U255) da Ousmane (O255), saboda harafin farko. Ƙari a kan haka, sunan dangi mai bin zuri'a ba tsohuwar al'adar Hausawa ba ce. Mutum kan ɗauki sunan mahaifinsa, ko na garinsu kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, don haka suna na biyu kan sauya daga tsara zuwa tsara, kuma 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya na iya fitowa a rajistar makaranta da sunaye mabambanta.