Miki: a bar shi ya sha iska ko a rufe?

Duk sanda ɗan babur ya goge gwiwa a kwalta a Garwa, sai mahawara ta tashi, a majalisa da Facebook. Dattawa su ce a bar mikin ya sha iska ya yi ɓamɓaroki, matasan da suka ga bidiyo biyu su ce a rufe. Ana yi kamar jiya aka fara, alhali maganar ta girmi kakanninmu.

Misirawan da can suna shafa zuma da kitse su ɗaure. A 1867 likitan tiyata Joseph Lister ya zo da wanke miki da sinadarin kabolik, tsoron ruɓa ya rufe kowace magana, aka ɗauka busasshen miki shi ne mai lafiya.

Wurin da ake tsallakewa shi ne 1962. A Ingila, George Winter ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, ya bar wasu a buɗe, ya lulluɓe wasu da siririyar leda. Waɗanda aka rufe suka yi sabuwar fata da sauri kusan ninki biyu. Dalilin ya fi sakamakon daɗin ji. Ƙwayoyin halittar fata ba ɗaiɗai suke zuwa cike gurbi ba. Daga gefen miki suke tasowa riƙe da juna, shimfiɗa guda, kamar garken shanu na sauka Binuwai. Hanya mai danshi suke so. In sama ta bushe, sai sun nutsa ƙarƙashin ɓamɓarokin suna haƙa kafin su wuce. Wato abin da muke kallo mu ce "ya fara warkewa" shinge ne a gabansu. A 1963 Hinman da Maibach suka gwada a fatar mutane, aka ga haka.

Daga baya, a 2009, Xavier Trepat da abokan aikinsa suka auna ƙarfin da ƙwayoyin halitta ke ja da shi in suna tafiya shimfiɗa guda, suka tarar ba na gaba kaɗai ke ja ba, har na can baya suna ja, kamar wasan jan igiya.

A ganina ba taurin kai ya hana wannan ilimi zama a gidajenmu ba. Rufewar da Winter yake nufi tana son ruwa mai tsabta da bandeji da ake canzawa, duk kuwa sai da kuɗi. Wanda ya ɗaure miki da tsumma cikin zafin Afrilu, ya kwance bayan kwana uku ya ga mugunya, ba za ka ƙara ce masa ya rufe ba. Maƙwabcina ma man birki ya zuba wa nasa, ya zauna bakin ƙofa yana korar ƙuda da mafici.