Ɗan Pakistan mai son karatu a Jamus: tambayoyi kan biza da izinin zama

Biza da izinin zama abu ɗaya ne?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Bizar karatu ita ce ta shiga ƙasar, a Pakistan ake nemanta. Izinin zama kuwa kati ne da ake karɓa bayan an isa Jamus, a ofishin baƙi na garin da ɗalibi ya sauka, wanda Jamusawa ke kira Ausländerbehörde. Wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido ta Schengen, wato ta gajeren zama a Turai, ba za a juya masa ita ta zama ta karatu ba, sai ya koma gida ya nemi wadda ta dace.

Ina ake neman bizar?

Mazauna lardunan Sindh da Balochistan suna zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Jamus a Karachi, sauran kuma ofishin jakadanci a Islamabad. Kuɗin biza Yuro 75 ne. Babbar matsalar ita ce layi: jiran ranar ganawa kan ci watanni, har zangon karatu ya fara ɗalibi yana gida. Don haka da zarar takardar gurbi ta fito, a shiga layi, kada a tsaya sai komai ya kammala.

Waɗanne takardu ake bukata?

Fasfo, takardar gurbi daga jami'a, shaidar iya Jamusanci ko Turanci gwargwadon harshen kwas ɗin, inshorar lafiya, wasiƙar bayyana dalilin zaɓen karatun, sai shaidar kuɗi. Takardun digiri hukumar ilimi mai zurfi ta Pakistan, HEC, ce ke buga musu hatimi, na sakandare kuma IBCC, mai haɗa hukumomin jarrabawar sakandare na ƙasar. A duba rubutun suna da ranar haihuwa da kyau: in harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fasfo da takardar makaranta, zai iya jawo ƙarin bincike da jinkiri.

Nawa ne shaidar kuɗin?

Tun Satumbar 2024 ana ajiye Yuro 11,904 na shekara guda a asusu mai kulle. Kamfanoni irin su Fintiba da Expatrio suna buɗe shi ta intanet. Kuɗin na ɗalibi ne, amma ba zai iya kwashe su lokaci ɗaya ba. Yuro 992 ake sakar masa duk wata. Kuskuren da aka saba yi shi ne a tura adadin cif-cif, sai bankunan kan hanya su yanki ladansu, abin da ya isa ya gaza da Yuro ashirin ko talatin, takardar tabbaci ta ƙi fita. A ɗora wani abu a kai. Mai cikakken tallafin karatu, kamar na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu, takardar tallafin ce shaidarsa.

Bayan an sauka fa?

Cikin mako biyu da shiga gida, a yi rajistar adireshi a ofishin gari, da takardar da mai gida ya sa wa hannu. Ba tare da ita ba, buɗe asusun banki da sauran al'amura duk sukan tsaya. Daga nan a ɗauki inshorar lafiya, a kammala rajista a jami'a, sannan a miƙa neman izinin zama, wanda kuɗinsa ya kai Yuro 100. Za a ɗauki hoton yatsu, katin ya fito bayan wasu makonni.

Idan biza ta kusa ƙarewa, ofishi bai ba da rana ba?

Abin da doka ke dubawa shi ne an miƙa neman kafin bizar ta ƙare. Wanda ya yi haka zamansa halal ne har a yanke hukunci, kuma akan ba shi takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. A adana shaidar ranar da aka aika, ko ta imel ce.

Ana iya aiki?

E, kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, tun Maris ɗin 2024. Aikin taimaka wa malamai a jami'a ba ya shiga wannan lissafi. Amma lokacin sabunta izini ana duba ci gaban karatu, kuma wanda aiki ya cinye masa jarrabawa zai sha tambayoyi. Wanda ya kammala digiri yana da damar neman izinin wata 18 don neman aiki.