Haƙar ɗanyen mai a ƙasar Chadi

Chadi tana cikin ƙasashen Afirka masu haƙo ɗanyen mai kaɗan, kuma ba ta cikin ƙungiyar OPEC. Abin da take fitarwa a rana, in an ɗauki matsakaicin shekara, bai taɓa kai ganga dubu 200 ba, alhali maƙwabciyarta Najeriya ta sha wuce ganga miliyan 2, amma duk da haka man nan shi ne kusan komai a kayan da ƙasar ke sayarwa waje, shi ne kuma ke riƙe da babban kaso na kasafin kuɗin gwamnati.

Tun shekarun 1970 aka san akwai mai a ƙasar, kamfanin Conoco na Amurka ya ci karo da shi a Sedigi ta wajen Kanem da kuma yankin Doba da ke kudu, sai dai yaƙin basasa ya sa aka yi shekaru da dama ba a taɓa shi ba. Ga kuma wata matsalar, Chadi ba ta da teku, ko an haƙo ta ina za a fitar? Sai a shekarar 2000 Bankin Duniya ya amince ya sa hannu, aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba har Kribi a gaɓar tekun Kamaru. Kamfanoni uku ne suka haɗa gwiwa, ExxonMobil da kashi 40, Petronas na Malesiya da 35, sai Chevron da 25. A 2003 man ya fara gudana daga filin Miandoum, daga baya filayen Kome da Bolobo suka biyo.

Farkon abin kam da zafinsa ya zo. Cikin shekara biyu, wajen 2005, an haura ganga dubu 170 a rana, to daga nan fa sai gangara. An gina bututun ne don ya ɗauki ganga dubu 225, amma ba a taɓa cika shi ba, domin rijiyoyin Doba sun fara kawo ruwa da yawa tun da wuri, za ka ga ana jawo ruwa gauraye da mai, a tace, a mayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuɗin aiki na ƙaruwa man kuma na raguwa, kamfani na ta ƙara haƙa sababbin rijiyoyi a gonakin mutane don dai kada abin ya faɗi gaba ɗaya. Zuwa wajen 2013 an dawo kusan ganga dubu 100 ko ƙasa da haka. Shi kansa man Doba mai kauri ne, ga tsami, shi ya sa a shekarun farko ake sayar da shi ƙasa sosai da farashin Brent, wato man da ake auna farashin kasuwar duniya da shi.

Abin da ya ceci lissafin shi ne sababbin filaye. Kamfanin CNPC na China ya shiga yankin Bongor, ya gina matatar Djermaya a arewa da Injamena wadda aka buɗe a 2011, tana tace ganga dubu 20 a rana, China na da kashi 60 Chadi na da 40. A wannan shekarar ce ma Nijar ta buɗe tata matatar a Zinder, ita ma da CNPC, girmansu ɗaya. Daga baya man CNPC ya fara bin bututun Kamaru, filayen Mangara da Badila su ma suka shigo, waɗanda kamfanin Glencore ya saya a 2014, sai adadin ya sake ɗagawa sama da ganga dubu 100, amma har yanzu bai koma inda yake a 2005 ba.

Maganar kuɗin ita ce mai ciwo gaskiya. Kafin a fara, an yi doka a 1999 wadda ta ce kashi 10 na kuɗin a ajiye wa 'yan baya, mafi yawan sauran ya tafi ilimi, lafiya, hanyoyi da noma, kashi 5 kuma a ba yankin da ake haƙo man. A lokacin an yi ta yabon tsarin ana cewa ga abin koyi. Ƙarshen 2005 gwamnatin Idriss Déby ta sauya dokar, ta soke asusun 'yan baya ta kuma sa tsaro cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗin, lokacin 'yan tawaye na matsowa daga gabas. Bankin Duniya ya dakatar da bashi a farkon 2006, aka ɗan sasanta, a 2008 dai ya janye gaba ɗaya bayan Chadi ta biya shi kuɗinsa. An yi tituna da gine-gine a Injamena, wannan ba ƙarya ba ne, amma mutanen ƙauyukan da ke gefen rijiyoyin, waɗanda aka karɓi gonakinsu, da yawansu ba su ga canjin da aka yi musu alkawari ba.

Sai kuma cinikin 2014, wanda shi ne ya fi jigata ƙasar. Gwamnati ta ci bashin sama da dala biliyan 1 daga Glencore ta sayi kason Chevron ta hannun kamfaninta na ƙasa SHT, da sharaɗin za a biya da ɗanyen mai, watanni kaɗan bayan haka farashi ya rushe a kasuwar duniya. Mai na fita amma kuɗin na tafiya biyan bashi, a 2016 aka shiga tsuke bakin aljihu, aka zaftare alawus ɗin ma'aikata, malamai da ma'aikatan asibiti suka yi ta yajin aiki. Sau biyu aka sake tsara bashin, a 2015 da 2018, sannan a 2021 Chadi ta zama ƙasa ta farko da ta nemi sassauci a ƙarƙashin sabon tsarin sauƙaƙa bashi na G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki.

Manyan kamfanonin da suka buɗe harkar duk sun tafi yanzu. Glencore ya sayar wa kamfanin Perenco filayensa a 2022, ExxonMobil ya sayar wa Savannah Energy na Ingila a ƙarshen wannan shekarar, gwamnati ta ce ba ta yarda da cinikin ba, a watan Maris na 2023 ta ƙwace kadarorin ta mayar da su na ƙasa, maganar ta kai gaban kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa. Kason Petronas shi ma ya koma hannun SHT, wato tsofaffin rijiyoyin Doba masu neman gyara da jari mai yawa yanzu wuyan gwamnati suka rataya.