Dokar romin ta ECOWAS: abin da ta tanada da inda ƙarfinta ya tsaya

Yayata tana da shago a Kasuwar Barci, kuma sau uku ko huɗu a shekara takan je Kwatano sarin atamfa da leshi. A wata tafiyar ta loda katin dubu biyar kafin motarsu ta tashi. Suna tsallake iyakar Seme sai saƙon barka da zuwa ya shigo wayarta. Maigidanta kaɗai ta kira, minti biyu, ta ce sun sauka lafiya. Sauran kiran duk ita aka yi wa: yara, yarinyar shago, da wata mai neman a ɗaga mata ƙafa kan bashi. Kafin la'asar ɗin washegari kati ya ƙare ƙaf. Da ta dawo Kaduna ta miƙo mini wayar, ta ce, "Kai mai karance-karance, duba mini. Yaushe aka fara biyan kuɗin amsa waya?" Na ce, "Yaya, tun ranar da kika tsallaka iyaka."

Wannan shi ne romin. Lasisin kamfanin layinka a Najeriya ya tsaya, ƙarfen sabis ɗinsa ma haka. Idan ka shiga Benin ko Gana, wayarka sai ta rataya a sabis ɗin wani kamfani na can. Shi wancan kamfanin ba kyauta yake ɗaukar baƙo ba: yana lissafa kowane minti da kowane ɗigon data, ya tura wa kamfaninka takardar bashi, yawanci da kuɗin waje. Kamfaninka ya ɗora ribarsa, ya cira daga katinka. Ko kiranka aka yi, sai kiran ya fara zuwa Najeriya sannan a tura shi ya same ka inda kake, kuma kuɗin wannan turawar a wuyanka yake. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake lissafawa da dala ya ƙara ɗaci, romin ma yana ciki.

To, akwai doka a kan wannan, kuma a nan kusa da mu aka yi ta. A watan Disamban 2017 majalisar ministocin ECOWAS ta zauna a Abuja ta amince da ƙa'idar romin ta ƙasashen ƙungiyar. Babban abin da ke cikinta, wanda ya shafi irin su Yaya kai tsaye, shi ne: matafiyin da ya shiga wata ƙasar ECOWAS da layinsa na gida zai amsa kira kyauta har kwana 30 a jere, muddin bai wuce minti 300 ba. Karɓar saƙon tes ma kyauta ne. Idan kuma ya kira lambar cikin ƙasar da ya sauka, misali dillalinsa na kasuwar Dantokpa a Kwatano, ba za a caje shi fiye da farashin da 'yan ƙasar suke biya ba. Data ma an ɗaure ta da farashin can. Sannan an ce gwamnatoci su janye ƙarin kuɗin da wasunsu ke ɗorawa kan kiran da ke shigowa daga maƙwabta.

Kwana 30 ɗin nan ba a banza aka sa shi ba. An yi shi ne don kada mutum ya sayi layi a ƙasar da kira ke da araha ya je ya tare da shi a wata ƙasar shekara da shekaru. Doka ce ta matafiyi, ba ta mazauni ba. Ɗalibin da ya tafi karatu Lome, ko mai sana'ar da ya zauna a Kumasi, layin can ya kamata ya nema.

A takarda abin gwanin daɗi. Matsalar ita ce dokar ba ta tashi da kanta ta shiga kwamfutocin kamfanoni ba. Sai hukumar sadarwar wannan ƙasa ta zauna da ta waccan, kamfanoni su daidaita farashin sari a tsakaninsu, a gwada, sannan a buɗe. Shi ya sa aka koma bin abin ƙasa biyu-biyu. Gana da Kodebuwa sai a watan Yunin 2023 suka fara aiki da shi a tsakaninsu, shekara biyar da rabi bayan zaman Abuja, daga baya Gana ta ƙulla da Togo da Benin. Turai kuwa rana ɗaya suka sa, 15 ga Yunin 2017, aka daina ƙarin kuɗin romin a faɗin Tarayyar. A ganina jan ƙafar namu ba na rashin na'ura ba ne. Kuɗin da ake samu daga kiran ƙasashen waje ne ba mai son ya saki, kamfani da gwamnati duka.

Mu 'yan Arewa kuma ga wani ƙarin. Ƙasar da muka fi shiga ita ce Nijar, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙwanni, ga 'yan'uwa ga kasuwa. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Kamaru da Chadi kuwa dama ba sa ciki. Kuma wanda ya taɓa kwana a garin bakin iyaka ya san waya kan kama sabis ɗin tsallake da kanta alhali ƙafarka tana Najeriya. Maganinsa ka shiga saitin waya ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Yaya ta sake tambayata wani abu da mutane da yawa ke tambaya: kamfanin da ke nan ai shi ne a can, suna ɗaya, launi ɗaya, me ya sa za a ɗauke ka baƙo? Gaskiya ne Airtel yana Najeriya yana Nijar da Chadi, MTN kuma yana nan yana Gana da Kamaru. Sai dai a idon doka kowanne kamfani ne mai zaman kansa, da lasisinsa da harajinsa da hukumar da ke sa masa ido. Uwa ɗaya suke, tukunya daban. Dokar zuba jari ta Najeriya ta 1995 ta yarda baƙo ya mallaki kamfani ɗari bisa ɗari, ya kuma fitar da ribarsa idan yana da takardar shaidar shigo da jari daga banki. Ta wannan ƙofar MTN na Afirka ta Kudu ya shigo ya biya dala miliyan 285 na lasisi a 2001, ta nan Bharti na Indiya ya sayi rassan Zain na Afirka a 2010 ya mayar da su Airtel. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta hana a miƙa lasisi ga wani sai da amincewar NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya. Ko ɗaya daga cikinsu bai ce don kana da rassa a ƙasa biyu dole ka haɗa musu farashi ba.

Amma an taɓa yi, ba tare da wata doka ta tilasta ba. Masu tsohon layin Celtel, wanda daga baya ya koma Zain sannan Airtel, za su tuna: a 2006 kamfanin ya soke kuɗin romin tsakanin Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a 2007 ya faɗaɗa har Najeriya da Nijar. Mutum ya shiga Maraɗi ya amsa kira kyauta, ya sayi katin can ya loda. Neman kasuwa ne ya sa su, kuma ya nuna cewa idan mai jari ya ga dama abin ba ya gagara.

Alhazanmu da ke tashi daga sansanin Mando, su dokar ECOWAS ba ta shafe su ko kusa ba. A Saudiyya abin da kamfaninka ya wallafa shi za ka biya, shi ya sa akasari ake sayen layin STC ko Mobily ko Zain da zarar an sauka.

Idan aka cire maka abin da ya saɓa wa farashin da aka sanar da kai, kamfanin za ka fara kai wa ƙara, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su warware ba sai ka kira NCC a 622, kyauta ne. Ka adana saƙon farashin da ya shigo maka a bakin iyaka, shi ne hujjarka.

Yaya dai ba ta jira kowa ba. Yanzu tana da ƙaramar waya mai madanni da layin Benin a ciki, tana zaune a jakar fasfo. Layin Kaduna kuma tana barinsa a kunne saboda alat na banki, data a kashe, kuma ta gargaɗi yaran gida cewa duk wanda ya kira ta a kansa, a kuɗin makarantarsa za ta cira.