Ma'anar "uncut" a finafinan daba na Tamil

Idan aka rubuta "uncut" a jikin fim ɗin Indiya, ana nufin kwafin da almakashin hukumar tace finafinai bai taɓa shi ba. Bai zama lallai ya ƙunshi duk abin da darakta ya ɗauka ba, domin shi ma yana zubar da wasu fitowa tun a ɗakin haɗa hoto.

Hukumar ita ce CBFC, wadda ke aiki da dokar finafinai ta 1952, kuma ofishinta na birnin Chennai ne ke duba yawancin finafinan Tamil, wato na harshen Tamil na kudancin Indiya. Kwamiti zai kalli fim daga farko har ƙarshe, sannan ya ba da takardar U ta kowa da kowa, ko UA wadda yara ke kallo da sa idon iyaye, ko A ta 'yan shekara 18 zuwa sama. Finafinan daba sau da yawa A suke samu, kuma duk da haka ba sa tsira daga gyara. Za a kashe sautin ashar, sai ka ga baki na motsi amma shiru. Za a dusashe jini ko a mayar da wurin baƙi da fari, a rage daƙiƙun sara da adda, a liƙa gargaɗi duk inda sigari ko giya ta fito.

Fim ɗin daba Aaranya Kaandam na darakta Thiagarajan Kumararaja, wanda ya fita a 2011, an nemi a yanke masa wurare 52, har sai da masu fim ɗin suka ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta finafinai a Delhi. An rushe wannan kotun a 2021, yanzu sai babbar kotu. Irin wannan yanka yana cutar da labari ƙwarai, domin bakin 'yan daba da taurin ransu su ne fim ɗin.

Wani yankan kuma ba na hukuma ba ne. Darakta Vetrimaaran da kansa ya cire wata fitowa daga fim ɗinsa Vada Chennai a 2018 bayan masunta sun koka.

Inda mai kallo ke ruɗewa shi ne fim ɗaya yakan yi kwafi da yawa. Ba a nuna mai takardar A a talabijin sai an sake yanke shi, kuma wanda aka juya zuwa Hindi takardarsa daban. Idan daga irin wannan aka yi fassarar Hausa, to yankakke ka kalla. Manhajojin kallo ta intanet ba sa ƙarƙashin CBFC, amma sau da yawa kwafin sinima suke ɗorawa.

Don haka duba tsawon lokacin da ke rubuce a takardar da ake nunawa farkon fim, ka gwada da naka. Ka lura cewa talabijin na gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, shi ya sa fim mai minti 150 kan koma 144 ba tare da an cire komai ba.