Wai mene ne GPS ɗin nan da ya cika bakin mutane?

Tun da aka ƙaddamar da GhanaPostGPS a Oktoban 2017, kalmar nan ta shiga bakin kowa a unguwannin Nima da Mamobi na Accra. Ka je banki, a ce ina GPS ɗinka. Ka je yin Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, haka. Lambar adireshin gida ake nufi, kamar dai yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a wurinmu. Wannan na haƙura da shi. Abin da ya ƙona min rai shi ne wani mai shiri a rediyo da na ji yana jan kunnen direbobi wai su riƙa kashe GPS, don yana shanye data kuma da shi ake bin sawun mutum.

GPS taurarin ɗan'adam ne mallakar sojojin Amurka, suna zagaya duniya a nisan kilomita 20,200 ko kusa da haka. An harba na farko a 1978, aka ayyana tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24. Kowane ɗaya ba ya faɗin komai sai inda yake da kuma lokaci. Na'urarka ta saurari aƙalla huɗu, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, ta gane inda take tsaye. Sauraro kawai take yi, ba ta mayar da amsa, kuma ko fesuwa ɗaya ba a biya. Gidan rediyo ya taɓa sanin wanda ya kunna akwatinsa a Madina? Mai cin data ita ce taswirar da ake saukowa da ita ta intanet. Mai kai rahoton inda kake kuwa manhaja ce da kai da kanka ka ba ta izini.

Rashin raba GPS da taswira shi ya ci kuɗin wani kawuna. Ya fitar da mota daga tashar jiragen ruwa ta Tema, da allonta a gaba mai kyau, sai dai taswirar Amurka ce a ciki. Yana tuƙi a Kanda, allon na nuna ɗan kibiya yana yawo a fili fetal, ba titi ba unguwa. Kawu ya yanke hukunci GPS ɗin ya lalace a teku. Bai shawarci kowa ba ya tafi Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, wani ya sayar masa da na'urar da ake mannawa a gilashi, ta hannu, ya rantse masa cewa wannan ba ta buƙatar data. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, taswirar Turai ce a cikinta. Aka koma gidan jiya, kibiya biyu yanzu suna yawo a fili.

Na ce, "Kawu, duka biyun lafiyarsu ƙalau, sun san inda kuke. Sunan wurin ne ba su sani ba."

Ya dube ni ya ce, "To ɗana, wanda ya san inda nake amma bai san hanyar Madina ba, me zai tsinana min?"

Gaskiyarsa. Shi ya sa idan aka tambaye ni tsakanin na'urar mota irin su Garmin da TomTom da kuma waya, ba na tsayawa kan wadda GPS ɗinta ya fi ƙarfi. Wayoyin yanzu ma har taurarin Rasha, GLONASS, da Galileo na Turai da BeiDou na Sin suke sauraro, duk muna haɗawa mu ce GPS. Tambayar ita ce taswirar wa ke ciki, kuma yaushe aka sabunta ta. Gadar Pokuase mai hawa huɗu a 2021 aka buɗe ta. Na'urar da rabonta da sabuntawa tun 2018 za ta kai ka can ta bar ka da Allah.

Na'urar mota tana da nata alheri, ban musa ba. Ba a kiranta. Duk wanda kira ya taɓa shigo masa daidai lokacin da zai zaɓi hannu a mahaɗar Kwame Nkrumah Circle ya san abin da nake nufi. Ba ta kuma cinye cajin da za ka nemi iyali da shi. Waya kuwa, a bar ta a rana gaban gilashi ta yi zafi ta fara gardama.

Duk da haka a Accra ni waya nake ba da shawara. Google Maps na bari a sauke taswirar gari gaba ɗaya a ajiye, a yi tafiya da data a kashe. In ana son sanin inda cunkoso yake, nan ne dole a kunna, don daga wayoyin sauran masu tafiya labarin ke fitowa.

Kawu ya sayi mariƙin waya da cajar mota, na sauke masa taswirar. Amma ranar da za mu ɗaurin aure cikin lungunan Nima, da muryar ta ce mun iso alhali gaban wata kwata muke, sauke gilashi ya yi ya tambayi mai sayar da waakye, ta ce mu wuce masallaci mu karya hagu.