Ƙwarewar mu'amala ga ɗalibai a Arewacin Kamaru

Ƙwarewar mu'amala, wadda dattawa suka fi sani da "iya zama da mutane", ita ce tarin halayen da mutum ke tafiyar da kansa da su a cikin jama'a: iya magana da iya saurare, haƙuri, riƙon amana, cika alkawari, kiyaye lokaci, da kashe saɓani tun bai yi girma ba. Ana bambanta ta da ƙwarewar littafi ko ta hannu, irin su lissafi, ɗinki, gyaran inji da sarrafa kwamfuta, waɗanda ake iya gwadawa a ba da maki. A makarantun Garwa, Marwa da Ngaundere, inda Faransanci ne harshen karatu, malamai na kiranta savoir-être, wato sanin yadda mutum zai kama kansa.

Asalin sunan

Sunan da ake kiranta da shi a Turanci, soft skills, mai ma'anar "ƙwarewa mai laushi", ya fito ne daga rundunar sojan Amurka wajajen ƙarshen shekarun 1960, kuma rundunar ta yi taro a kan batun a 1972. A 1996 kwamitin UNESCO ƙarƙashin Jacques Delors ya ce ilimi na tsaye a kan ginshiƙai huɗu: koyon sani, koyon aiki, koyon zama tare, da koyon zama cikakken mutum. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya karɓi kyautar Nobel a 2000, ya nuna a bincikensa cewa naci da kamun kai na da tasiri a kan kammala karatu da samun aiki, ko bayan an cire tasirin kaifin ƙwaƙwalwa.

Tarihi a yankin

Sunan baƙo ne, abin kuwa tsoho ne a hannun Hausawa. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajajen 1809, kuma masarautun Fulani suka kafu a Fombina, wato ƙasar Adamawa, fataken Hausa da Barebari suka riƙa kwarara zuwa Garwa, Ngaundere, Banyo da Tibati, suna kawo tufafi da kanwa, suna komawa da haure da goro, har da bayi a wancan zamanin. Fatauci irin wannan ba ya tafiya da takardar yarjejeniya. Falke zai sauka wurin fatoma, ya damƙa masa kaya da kuɗi, ya ci abincinsa, ya dogara da shi wajen samo mai saye da karɓo bashi. Fatoman da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa zango na gaba, kuma ayari ba zai sake sauka ƙofarsa ba.

A nan ne yaro ke koyo. Har yau, a kasuwar Marwa ko ta Garwa, yaron shagon atamfa yakan shafe watanni bai taɓa kuɗi ba. Aikinsa shara, ninke turmi, sayo shayi, da kallon yadda maigida ke karɓar mai saye. Zai ga ana fara gaisuwa kafin a ambaci farashi, a tambayi gida da gajiya da hanya. Zai ji yadda ake cewa "albarka" idan tayi ya yi ƙasa, ba tare da an kunyata mai tayin ba, da yadda ake cewa "na sallama" da fuska a sake ko da ribar kaɗan ce. Wata rana maigida zai bar shi da shago ya tafi masallaci, ya dawo ya ƙirga kuɗin aljihun tebur bai ce komai ba. Jarrabawar ke nan. Idan shekaru suka yi nisa ba a kama shi da ha'inci ba, sai a yaye shi da jari. A kara ma haka dillali ke cin abinci: la'adarsa na zuwa ne daga yardar makiyayi da ta mahauci a lokaci guda, alhali kowanne na neman riba a kan ɗan'uwansa.

Harshe na cikin wannan horo. Fulatanci ne harshen kasuwa a mafi yawan Arewacin Kamaru, Larabcin Shuwa ya fi ƙarfi a Kusiri da tsallaken kogi a Njamena, don haka ɗan Bahaushe yakan tashi da harsuna biyu ko uku kafin ya shiga aji ya haɗu da Faransanci. Sanin wane harshe za a yi wa wa, da lokacin da ya kamata a sauya, ƙwarewa ce babba wadda takardar shaida ba ta ɗauka.

A 1974 Anthony Kirk-Greene, Bature masanin Hausa, ya tattara siffofin da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, ya lissafa goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Uku daga ciki sun yi daidai da ginshiƙan pulaaku, wato tsarin ɗabi'ar Fulani maƙwabta: munyal haƙuri ne, semteende kunya, hakkiilo kuma hankali. Makarantar allo ta ƙara nata: durƙusawa gaban malam, jiran layi kafin a biya maka karatu, da kula da ƙananan almajirai idan ka zama gardi.

A makarantun boko

Tsarin da Kamaru ta gada daga Faransa ya rataya ne a kan jarrabawa, daga CEP ta ƙarshen firamare zuwa BEPC ta ƙaramar sakandare, zuwa Probatoire da Bakaloriya na babbar sakandare, kuma kusan dukkansu rubutu suke aunawa. Daga wajajen 2012 aka fara shigar da tsarin koyarwa mai mayar da hankali ga iya aiwatarwa a makarantun sakandare, wanda ke neman ɗalibai su yi aiki rukuni-rukuni, su tsaya gaban aji su yi bayani. Ajin da ya cika maƙil yana wahalar da hakan, kuma a ƙauyukan gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da ke iyaka da Najeriya rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da dama tun wajajen 2014.



A wurin aiki

Inda ɗalibi ya fi jin rashin ƙwarewar mu'amala shi ne sitaj, wato 'yan watannin koyon aiki a ofis ko masana'anta, da kuma ganawar baka ta konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga aiki ko babbar makaranta. Wanda ya je gwajin aiki a wuri kamar kamfanin auduga na SODECOTON, da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa, zai iske lissafin taki da iri rabin aikin ne kawai. Sauran rabin shi ne zama ƙarƙashin bishiya da manoma waɗanda suka haife shi, ya fahimtar da su abu ba tare da ya nuna ya fi su sani ba. Malamin makaranta da aka tura ƙauyen da ba ya jin harshensu, da ma'aikaciyar asibiti da ke lallashin uwa a kan rigakafi, duk a wannan ma'aunin ake gane su. Hukumar samar da ayyuka ta ƙasa, FNE, wadda aka kafa a 1990, tana horar da masu neman aiki kan rubuta takardar neman aiki da fuskantar ganawa.

Saɓanin ra'ayi

Kunya ce aka fi jayayya a kai. Yaron da aka tarbiyyantar ya sunkuyar da kai gaban manya, ya rage murya, kada ya yabi kansa, yakan zauna gaban masu ganawa su ɗauke shi marar ƙwazo, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata. Wasu malamai na ganin dole a koya wa ɗalibi ɗaga kai da bayyana abin da ya iya. Wasu iyaye na ganin hakan ƙofar rashin kunya ce. Akwai kuma masu cewa yawan maganar halin ɗalibai na kawar da ido daga ƙarancin guraben aikin kansu, da kuma tasirin sanayya wajen ɗaukar ma'aikata.